Inji Ɗaya a Ɗakin Gefe

Takardar farko da aka miƙo mana a wurin wankin ƙoda ba ruwanta da ƙoda. Gwaji uku aka rubuta a jere: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C. Ma'aikaciyar jinyar, wadda kowa ke kira Sista, ta ce ba za a ɗora Yaya a kan inji ba sai sakamako ya fito. A lokacin Yaya yana kishingiɗe a benci, fuska ta kumbura har idanu sun shige ciki, shaƙuwa ta ƙi barinsa tun daga Gujungu, numfashinsa yana tashin zarnin fitsari. Na ji haushin matar nan ba kaɗan ba. Mutum yana neman mutuwa, ita tana zancen hanta. Na ruga ɗakin gwaji, na biya, na tsaya a kan mai gwajin har ya gama. Duka ukun babu. Na kai mata ta duba, ta mayar mini, na ninke takardar na cusa a aljihun jakar Yaya tare da rasidai.

Hunturun ƙarshen 2016 ne. Yaya yana da shekara arba'in da 'yan kai, dillalin bandar kifi ne a Haɗejiya, mutumin da ke sungumar kwali cike da tarwaɗa shi kaɗai ya ɗora a mota. Ni ne autan ɗakinmu, malamin firamare, don haka ni aka tura in bi shi Kano, tunda ni ke iya karanta rubutun likita. Ciwon ƙoda ba baƙo ba ne a wajenmu. Daga Haɗejiya ka nausa Nguru da Gashuwa, da wuya ka sami unguwar da ba a yi zaman makokin mai ciwon ƙoda ba, har masu bincike sun sha zuwa suna ɗibar ruwa da jini. Abin da muka sani game da wanki bai wuce biyu ba: yana cin kuɗi, kuma wanda ya fara ba ya dainawa.

Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, kowane da injinsa a gefen kai. Sanyi ne ke fara tarar ka, sannan warin bilic, sannan ƙarar injinan, kowane da irin kukansa. A ranar farko aka huda saman cinyar Yaya kusa da mara aka zura roba, jini ya biyo ta, ya zagaya cikin wani ɗan bututu fari da suke kira matata, ya dawo jikinsa. Da Sista ta juya baya na kai hannu na taɓa robar. Da ɗuminta. Na janye hannuna da sauri, don ban taɓa zaton zan ga jinin ɗan'uwana yana yawo a waje da jikinsa alhali yana kallona ba. Kafin awa biyu shaƙuwar ta tsaya. Da aka sauke shi ya nemi koko da ƙosai, muka ce alhamdu lillahi, mun ɗauka mun ga bayan abin.

Likita ya ce a ƙa'ida sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. Ya faɗa yana kallon takarda, don shi ma ya san ba mai iyawa. Wanki ɗaya da kayansa ya haura naira 18,000, wato abin da doka ta yanka a matsayin mafi ƙarancin albashin wata a lokacin. Ga shi shekarar ce naira ta faɗi warwas, dala ta doshi 500 a kasuwar bayan fage, kuma tun daga matatar har robobin duk daga waje ake shigo da su. Muka sauka a gidan wani kawunmu, muka fara da biyu a mako. Da jarin kifi ya ƙare aka sayar da gonar fadama. Daga baya muka koma ɗaya, wani lokacin ma sai ƙafa ta yi dam sannan a je.

Akwai abin da nake gani kullum a ɗakin nan amma bai taɓa ce mini komai ba, wato yawan jinin da ke cikinsa. Ba jini mai malala ba. Ɗigo ne nan, ɗigo can: a kan maɓallan inji, a ƙarfen gado, a bakin ma'aunin nauyi da kowa ke hawa kafin wanki da bayansa, a jikin abin awon hawan jini da ake kwancewa daga dantsen wannan a ɗaura wa wancan. Sista ita kaɗai ce a yawancin ranaku, sai wani yaro mai taimaka mata. Inji ya yi kuka a kan gadon farko, tana cikin danne jijiyar wani a gado na uku, kafin ta isa wani ya sake ɗauka a ƙarshen ɗaki. Gudu take yi. Safar hannun da ke hannunta ita ce dai. Safar ma mu masu jinya ke sayowa, tana cikin jerin kayan da ake rubuta mana, kuma na sha jin ana yaba wa Sista cewa ba ta da ɓarna, kwali ɗaya sai ya daɗe. Idan aka ɗauke wuta kuwa, kafin janareta ya tashi, da hannu ake murza famfon inji don kada jini ya daskare a roba, a nan kowa ma'aikaci ne, har ni na taɓa murzawa. Akwai kuma wata 'yar kwalba ta hefarin, maganin da ke hana jinin gudajewa, tana kan tebur mai taya da ake turawa daga gado zuwa gado, ana zuƙa daga cikinta ana yi wa kowa.

Mu masu jinya kuma mun zama dangi. Wanda filastarsa ta ƙare sai ya ce, "Malam, ɗan taimaka da taka." Almakashi ɗaya yana zaga ɗaki. Ragowar auduga ba a yarwa, a ba na kusa. Wata Hajiya da ke jinyar mijinta ta taɓa rufa wa Yaya bargonsu ranar da sanyi ya kama shi yana karkarwa, bargon da mijin ya tashi daga ciki da safe. Har yau ina yi mata addu'a. Daga baya ne na karanta cewa a ƙa'idar ɗakin wanki duk abin da ya je gadon mutum ɗaya, ko dai ya zama nasa shi kaɗai, ko a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya je wani gadon. Mu a wurinmu wanda zai hana aron almakashi ai marowaci ne.

Sai a can na san ƙoda ba fitsari kaɗai take yi ba, ita ce ke aika wa ɓargo saƙon ya samar da jini. Idan ta mutu, jini ya yi ta sauka ke nan. Akwai allurar da ke maye gurbin wannan saƙo, eritrofoyetin, tun ƙarshen shekarun 1980 ake amfani da ita a duniya, ita ce ta rage wa masu wanki yawan ƙarin jini a ƙasashen da ke da hali. Mu da muka ji kuɗinta, ga sharaɗin a ajiye ta a firji a unguwar da wuta ke zuwa ranar da ta ga dama, sai muka ga jini ya fi araha, tunda Allah ya ba mu dangi. Ni na ba da ledar farko. 'Ya'yan kawu suka bayar, abokan kasuwar Yaya suka biyo motar asuba daga Haɗejiya suka bayar suka koma. Amma dangi suna ƙarewa, kuma wanda ya bayar sai ya yi watanni kafin a sake ɗibar nasa. Daga nan muka san samarin da ke zama a gindin darbejiya kusa da wani ɗakin gwaji, waɗanda sana'arsu ke nan. Kowace leda an manna mata takarda cewa an gwada, babu komai. Gwajin kuwa na 'yar tsinken roba ne da ake ɗiga wa jini, minti kaɗan a ce an gama. Ban san akwai makonnin da ƙwayar cuta ke cikin jini amma irin wannan gwaji bai isa ya gan ta ba.

A azumin 2017 Yaya ya ɗan murmure. An mayar da robar wuyansa, ya huta da hudar cinya. Ƙishirwa ce babbar azabarsa, don an ƙayyade masa ruwa, sai ya riƙa tsotsar ƙanƙara yana cewa shi azuminsa ba shi da Sallah. A watan ne aka fara zancen dashen ƙoda. Jinina da nasa rukuni ɗaya ne, likita ya ce a iya fara bincike a kaina, abokan kasuwa suka fara karo-karo. Har Inna, wadda ba ta taɓa yarda a yanka ɗanta ko ɗaya ba, ta yi shiru, shirun da muka fassara da amincewa.

Bayan Ƙaramar Sallah, damina ta kankama, aka maimaita gwajin nan uku kamar yadda suke yi lokaci-lokaci. Sista ta leƙo ta ce, "Malam, ɗan zo mana." A baranda ta tsaya, tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. "Gwajin yayanka ya canza. B ɗin ya fito." Na ce ba zai yiwu ba. Na san shawara, na ga masu ita, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja. Idon Yaya fari tas. Ta ce masu wanki yawanci ba sa nuna komai, garkuwar jikinsu ba ta da ƙarfin da za ta yi faɗa har a ga alama, shi ya sa ma cutar kan zauna musu ta ƙi fita. Na koma na zazzage jaka, na zaro takardar hunturu, ta yi laushi don ninki. Na nuna mata. Ta ce, "Na sani, Malam. Ni na karɓe ta."

A ranar aka gangara da Yaya ɗakin gefe. Tsohon sito ne, taga ɗaya a sama, gado ɗaya, inji ɗaya da aka liƙa wa jan salatif a goshi. Ina tura kekensa ina jin idanun ɗakin a ƙeyata, har Hajiyar bargo ta sunkuyar da kai. Yaya ya dubi bangon, ya dubi injin, ya ce, "Auta, ka ga an yi mini ƙarin girma, an ba ni ofis." Na yi dariya don ya ji daɗi. Da aka jona shi ya juya fuska bango, bai ƙara magana ba har aka sauke shi.

Na tare likitan a hanyar fita. Yaro ne, sa'ana, gajiya ta cika masa ido. Na ce, "Likita, don Allah a ina ya ɗauka?" Ya ce daga shigar cutar zuwa bayyanarta ana iya ɗaukar wata ɗaya har zuwa shida, kuma a cikin wata shidan nan an ƙara wa Yaya jini, an yi masa wanki a nan, an taɓa yi masa a wata cibiyar lokacin da ruwansu ya sami matsala, ya kuma je wurin wanzami. Ya ce ƙwayar B tana iya kwana bakwai a raye a kan busasshen jini, a jikin ƙarfe ko roba, kuma abin da ido ba ya gani ya isa. Ya faɗa a hankali, yana zaɓen kalmomi, na gane ba zai ce "a nan ne" ba, ba kuma zai rantse cewa ba a nan ba ne. Sai ya tambaye ni, "Da aka fara wankin, an yi masa riga-kafi?"

Na ce, "Wane riga-kafi?"

A tsaye a wurin na ji cewa ciwon hanta B yana da allura, tun farkon shekarun 1980, kuma duk mai shirin fara wanki wanda gwajinsa ya nuna babu, ita ya kamata a fara yi masa. Nasu ninki biyu ne na sauran mutane, ana yi a cikin wata shida, kuma ko an yi ba kowa jikinsa ke karɓa ba, sai an gwada an gani. Wato ba tabbas. Amma da na tsaya a kantin magani na tambayi kuɗin, na tarar duka alluran ba su kai abin da muke kashewa a mako biyu ba. Takardar nan mai "babu" uku, wadda na ɗauka izinin shiga ce kawai, ashe ita ce ke cewa ga lokacin yin allura. An rubuta mana safar hannu, an rubuta auduga, har ledar shara an rubuta. Wannan kaɗai ba a rubuta ba.

Da na gaya wa Yaya sai ya yi murmushin da ba na so. Shi ne fa mutumin da a shekarun rigimar allurar shan inna ya hana a kai 'ya'yansa riga-kafi kowane iri, daidai lokacin da Nijeriya ta sa allurar B cikin na jarirai a 2004. Ya ce, "Da sun ce a yi, da na ce a yi?" Ya yi shiru, sannan ya ba kansa amsa: "Da na yi. Wanda ya yarda a fitar da jininsa a zuba a inji, allura ce za ta gagare shi?"

A dararen nan ba na barci, sai in yi ta karatu a waya. A nan na ga cewa ɗakin gefe ba wulaƙanci aka ƙirƙira don mu ba. A Edinbara ta Sikotilan, tsakanin 1969 da 1970, ciwon hanta B ya ɓarke a sashen wankin ƙoda, ya kashe marasa lafiya, ya kashe ma'aikatan asibiti, har aka shiga tsoron aikin gaba ɗaya. Gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Lord Rosenheim, rahotonsa na 1972 ya ce a riƙa gwada kowa a kai a kai, a ware masu ɗauke da cutar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da irin wannan ƙa'ida a 1977: ɗakinsu daban, injinsu daban, kayansu daban, mai kula da su daban. Da wannan kaɗai, tun kafin allura ta zo, cutar ta ragu ƙwarai a ɗakunan wankinsu. Mu mun ɗauki rabin ƙa'idar. Ɗakin daban ne, injin daban ne, amma Sista ita ce dai, tana fita daga wurinmu ta amsa kukan inji a babban ɗaki. Na so in tsane ta, na kasa. Ita ta gaya mini da kuɗinta ta yi wa kanta riga-kafi, bayan allura ta taɓa sokinta a yatsa ta yi wata uku ba ta cikin hayyacinta.

A gida kuwa abin ya fi ciwo. Kafin mako ya zagayo an ware wa Yaya kwano, an ware kofi, an ware buta. Wani ya ce ta gumi ake ɗauka, sai aka daina zama a tabarmarsa. Ƙaramar 'yarsa, wadda ke hawa cinyarsa tana wasa da filastar wuyansa, aka riƙa janye ta. Na yi bayani har na gaji: ba ta abinci, ba ta gumi, ba ta musafaha, ta jini ce da saduwar aure da haihuwa, a kiyaye reza da burushin haƙori da abin yanke farce, shi ke nan. Suna cewa to, kwanon dai yana gefe. Wani maƙwabci ya kawo jarkar jiƙo daga masu tallar maganin hanta da lasifika, ya ce a sha kofi uku a yini, ga mutumin da aka hana ruwa. Na tuntsurar da ita a kwata, muka yi wata ba ma gaisawa.

Inna ta zo daga Haɗejiya, ta ji cewa ana ɗauka ta wajen aure, ta riƙe wannan ta saki sauran. Ba ta taɓa faɗa a gaban matar Yaya ba, amma a tsakar gida take cewa, "Mu dai a zuriyarmu ba mu san wannan ciwo ba. A bincika yarinyar nan." Yarinyar nan kuwa shekararta goma sha bakwai a gidan Yaya, ita ke kwashe amansa, ita ke kwana zaune. Ba ta ce uffan ba. Da safe ta yafa mayafi ta ce, "Malam, raka ni a gwada ni." Babu. Aka fara mata allura a ranar, ita da yaran da ni. Ta kawo takardar ta ajiye a gaban Inna, wadda ba ta karatun boko, ta shige ɗaki. Inna kuwa ta ce ita ba mai tsira mata allura, lafiyarta ƙalau.

A barandar jira muka saba da wani Alhaji daga Damagaram, ɗan kasuwar fata, mai lissafi da sefa. Shi C gare shi, sai ƙarshen yini ake ɗora shi, bayan kowa ya tashi. Shi da Yaya suka mayar da abin gardama, wa ya fi wani sa'a. Na B yana da riga-kafi amma in ya zauna sai dai a danne shi. Na C ba shi da riga-kafi amma yana warkewa. Alhaji ya san labarin Masar tiryan-tiryan, yadda allurar tsargiya da aka yi ta yi wa mutanen karkara da sirinjin da ba a dafa sosai ba ta baza cutar a ƙasar, da yadda maganin sofosbubir, wanda ya fito a Amurka a 2013 a kan dala 84,000 na mako goma sha biyu, ya koma araha a Alƙahira. Abin da ya hana shi sha, a lokacin likitoci suna ɗari-ɗari da ba wa mai wankin ƙoda wannan magani, sai a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta sahale. Ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, muna zaune rediyon mai gadi yana ta kira a je a yi gwaji, Alhaji ya ce, "Mu ai mun yi, ga mu nan." Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bayan Babbar Sallah Alhaji bai dawo ba, lambarsa ta daina shiga.

Zancen dashe ya tsaya. Ba a ce ya mutu ba, an ce sai an auna yawan ƙwayar a jini, a duba hanta, a fara maganin da ke danne ta, tenofobir, wanda mai wanki ke sha ƙwaya ɗaya a mako. Gwajin yawan ƙwayar kuɗinsa kuɗin wanki ne. Kowane mako muna cewa mako mai zuwa.

Da hunturu ya dawo injin mai jan salatif ya lalace. Aka ce wani abu ne a cikinsa ya ƙone, sai an kawo daga Legas, sai injiniya ya zo. Injinan babban ɗaki suna aiki lafiya lau, muna jin kukansu ta bango, amma ba a isa a ɗora Yaya a kansu ba, kuma a lokacin na riga na san dalilin, na san gaskiya ne. Muka shiga adaidaita sahu muna zaga gari. A wuri na farko aka karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo keke, sai da aka ga takarda murya ta canza: ba su da injin masu B. Na biyu haka. Inda suke da shi layi ya cika, mutanensu na kullum ma ba su gama samu ba, kuma kuɗinsa ya fi na sauran. Mun samu an yi masa sau ɗaya a matsayin gaggawa, aka ce mu riƙa bugowa. Ƙafar Yaya ta koma kamar turmi, ruwa ya hau ƙirji, ba ya iya kwanciya sai a jingine da matasai, yana jan numfashi ana ji daga tsakar gida.

A ƙofar ɗaya daga cikin wuraren nan wani mutum ya biyo ni, ya ce ya ga wahalar da muke sha. Ya ce akwai inda za a rubuta mini sabuwar takarda, da hatimi da komai, duka ukun babu, in kai shi cibiyar da ba a san shi ba, wasu ba sa maimaita gwaji in an zo a gaggauce. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ba zan ɓoye maka ba, na karɓi lambarsa. Da daddare na zauna a bakin katifa na gaya wa Yaya. Ya daɗe yana tara numfashi kafin ya iya magana. Ya ce, "Auta, kana ganin ni ma ba haka aka yi mini ba?" Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ya ce, "Goge lambar nan. Ba zan je gaban Allah da ɗan wani a wuyana ba." Na goge a gabansa. Na fita waje na tsaya a cikin sanyi ina jin haushinsa, haushi na gaske, don ni ba ɗan wani nake gani ba, shi nake gani.

Ya rasu a zaune, kafin asuba, kansa a kafaɗar matarsa. Likitan ya ce mai yiwuwa sinadarin fotasiyam ne ya taru a jini ya tsayar da zuciya, abin da wankin awa huɗu ke kwashewa. Na tambaye shi hantar fa. Ya buɗe fayil ya duba gwajin ƙarshe, ya ce kusan lafiya lau take, da za ta iya kai shi shekaru. Mutanen da suka zo gaisuwa a Haɗejiya suna cewa ciwon hanta ne ya haɗu da na ƙoda ya kashe shi, ina amsa addu'a ina ƙyale su. Ta ina zan fara bayanin cewa cutar ba ta ma taɓa shi ba tukuna, inji kawai ta hana shi?

A 2019 yanar ido ta rufe wa Inna ido ɗaya, aka ce a yi aiki. Kafin aiki sai gwaji, wannan karon ba ta da ta cewa. B ya fito. Likitan da ya duba ta ya ce alamu sun nuna tsohon zama ne, wataƙila tun tana yarinya, daga mahaifiyarta ko daga askar wanzami, ga tsagar gado nan a kumatunta. Ya ce ba abin mamaki ba ne, binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Na ba shi labarin Yaya, na tambaya ko a wurinta ya samo tun haihuwa. Ya ce wanda ya ɗauka a haihuwa yawanci gwajinsa yana nunawa tun farko, na Yaya kuwa bai nuna ba, amma gwajin tsinke yakan yi kuskure, don haka ba zai yanke hukunci ba. Shekara biyu ina riƙe da fushina a kan tebur mai taya da samarin gindin darbejiya, ga shi an ƙaro mini wata ƙofar. Har yau na fi zargin ɗakin. Na ga safar hannun nan da idona.

A mota muna komawa na yi wa Inna bayani a hankali, cewa hantarta lafiya, za a riƙa dubawa duk wata shida, kuma ba wanda zai ware mata kwano. Ta gyara bandejin idonta ta ce, "Ni na san inda na samu. A wankin kayan yayanku na ɗauka." Na ce likita ya ce ya fi haka daɗewa. Ta ce likita yaro ne. Muka wuce gari guda ba ta ce komai ba, sannan ta dafa gwiwata ta ce, "Auta, kada ka gaya wa yarinyar nan."

Ban gaya mata ba. Yayarmu mace ce ta buga mata waya, tun kafin mu sauka a tasha.